Neman Shawara: Yadda Zan Haɗa Kayan Sojan Bama Don Wasan Kwaikwayon Makaranta

Jikan Soja, Ƙauran Namoda

Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a nan Ƙauran Namoda, kuma ni aka ɗora wa nauyin shirya wasan kwaikwayon da ɗalibanmu za su gabatar domin ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wato 15 ga Janairu. Na zaɓi labarin kakana na wajen uba, wanda ya hau jirgin ƙasa a tashar garin nan yana saurayi aka kai shi Zariya, daga can kuma sai ƙasar Bama a zamanin yaƙin Hitila, ya dawo da ransa ya ci gaba da nomansa har Allah Ya karɓi abinsa ina ɗan shekara tara. Abin da ya rage a hannuna na kayansa guda biyu ne kacal, lambar yabo mai siffar tauraro mai tsini shida wadda ƙyallenta ya daɗe da cinyewa, da wata butar ruwa ta ƙarfe da tsatsa ta huda gindinta, wadda mahaifiyata ta shekara da shekaru tana ajiye irin kuɓewa a ciki. Hoto ko ɗaya ba mu da shi.

Damuwata ita ce sutura. Na shiga intanet neman hotunan sojojinmu na wancan zamani, sai na fito da ruɗanin da ya fi wanda na shiga da shi, domin a wani hoton na ga mutum da jar dara da falmaran da gajeren wando, ƙafarsa ba takalmi, a wani kuma na ga dogon wando da hula mai faɗin baki da adda a kugu, kuma dukkansu an rubuta cewa sojojin Nijeriya ne na zamanin Turawa. Kafin in tsaya in yi tunani na riga na kai wa wani tela kuɗi, na ce ya ɗinka mini kayan soja irin na da. Bayan mako biyu ya miƙo mini riga da wando na yadin roba mai dabbare-dabbare irin na sojan yanzu, da zif a gaba, har da aljihu a damtse, yana murmushi yana jiran in yaba. Na karɓa na biya cikon kuɗinsa, tun da laifin nawa ne da ban faɗa masa abin da nake so ba, ni ma ɗin kuwa a lokacin ban san abin da nake so ba.

Saboda haka nake roƙon masana su taimake ni. Wace sutura ce ta dace da mutumin da ya je Bama, me yake ratayawa a jikinsa, kuma ta yaya zan samar da waɗannan abubuwa tsakanin Ƙaura da Gusau ba tare da na ƙarar da ɗan abin da makaranta ta ware ba? Ina kuma so kafinta ya sassaƙa mini bindiga, sai dai ban san siffarta ko tsawonta ba. Allah Ya saka da alheri.

Malamin Tarihi, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, Malam. Hotunan da ka gani duk gaskiya suka faɗa, abin da ba su faɗa maka ba shi ne shekarar da aka ɗauke su da kuma wurin. Rundunar da kakanka ya shiga, wato rundunar sojan Ingila ta Afirka ta Yamma da ake kira West African Frontier Force, ta daɗe ƙwarai, an kafa ta a 1897 a ƙarƙashin Lugga, ta sami laƙabin sarauta daga Sarkin Ingila a 1928, ba ta kuma watse ba sai da ƙasashen Afirka ta Yamma suka karɓi mulkin kai, don haka wanda ya ce kayan soja irin na da bai ce komai ba tukuna. Kada ka sake sayen ko da maɓalli ɗaya sai ka iya cewa ga mutumin da nake so in nuna, a shekara kaza, a wuri kaza, yana aiki kaza.

Mai jar darar nan sojan fareti ne. Kayansa riga da gajeren wando na kaki, da jan falmaran marar hannu wanda aka ci bakinsa da rawaya, da jar ɗamara mai faɗi a ciki, da dara mai tuntu wadda aka maƙala wa bajo mai siffar bishiyar kwakwa. Saje da samanja ana gane su da ƙarin adon igiya rawaya a gaban falmaran, 'yan igwa kuwa nasu falmaran shuɗi ne. Rashin takalmin da ka gani ba talaucin mutum ɗaya ba ne, haka aka riƙa tsayar da sojan Afirka a fareti kafin yaƙin duniya na biyu, an naɗe masa ƙwauri da ƙyallen ulu amma tafin ƙafarsa a ƙasa, alhali hafsansa Bature yana tsaye gabansa cikin takalmi. Waɗannan kaya na bariki ne da tarbar gwamna. Babu mai shiga dajin Bama da jar hula a kansa, sai wanda ya gaji da duniya.

Akwai kuma waɗanda suka yi yaƙin gabashin Afirka da Italiyawa, suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka wuce Habasha, su cikin kaki suka yi nasu. Ba su ne naka ba, na ambace su ne kawai don kada hotunansu su ruɗe ka.

Naka shi ne mai koren kaya. An kafa runduna ta 81 a watan Maris na 1943, aka kafa ta 82 a watan Agusta na shekarar, aka kwashe su ta teku zuwa Indiya, daga nan suka shiga yankin Arakan na ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar. A can an gane cewa kaki mai haske yana tona asirin mutum a cikin duhun ganye, gajeren wando kuma gayyatar sauro ne, shi ya sa aka koma ga dogon wando da riga mai dogon hannu masu launin kore mai duhu, da takalmin fata, da hular gashi mai faɗin baki, wani lokaci kuma hular kwano. Da farko ma kakin da ke hannu aka riƙa rinawa kafin ɗinkakken koren ya wadata daga masaƙun Indiya, saboda haka idan naka ya fito da ɗan bambancin launi tsakanin riga da wando, kada ka damu, ka ma fi kusa da gaskiya.

Abin da ya rage shi ne ka gano rundunarsa, domin kowace da tambarin da ake ɗinkawa a saman hannun riga, kuma tamburan nan biyu Bahaushe ba ya bukatar tafinta a kansu. Na runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawayan ƙyalle, an ɗauko shi daga Anansi na tatsuniyoyin mutanen Asante na ƙasar Ghana, wanda shi ne Gizo namu mai cin galabar manyan dawa da wayo. Na runduna ta 82 kuwa mashi biyu ne gicciye a cikin gammo, gammon ɗaukar kaya dai da ka sani, saboda rundunonin biyu ba su dogara da mota ba, suna da dubban sojoji waɗanda aikinsu shi ne ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, suna ratsa duwatsun da ko alfadari ba ya son hawa. Idan aka bi ta yawan bataliyoyi, Bazamfare ya fi yiwuwa ya faɗa cikin ta 82, domin birged biyu daga cikin ukunta na Nijeriya ne, ɗayan na Gwalkwas, wato Ghana ta yau. A ta 81 kuwa, birged ɗin Nijeriya, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, an cire shi a ƙarshen 1943 an haɗa da mayaƙan Chindit na Janar Wingate, masu kutsawa bayan sansanonin Japanawa, bataliya ta 4 ce ta rage tare da mutanen Saliyo da Gambiya a kwarin Kaladan. Rundunonin biyu sun haɗu a garin Myohaung na Arakan a Janairun 1945, kuma sunayen yaƙin Bama ba su ɓace ba, ga barikin Chindit a Zariya, ga Kalapanzin a Kaduna, ga Myohaung da Arakan da Dodan a Legas.

Ka tambayi tsofaffin gidanku ko littafinsa na sallama yana nan, domin a ciki ake rubuta lambarsa da bataliyarsa. Idan ka kai ga neman takardu a gidan adana tarihi na Kaduna, ka tuna Lardin Sakkwato za ka nema, tun da Zamfara ba ta zama jiha ba sai 1996.

Tsohon Tela, Gusau

Ɗana, jikata ce take rubuta mini wannan, ni ina faɗa, domin idona ya daina ganin ƙananan haruffan waya ko da yake har yanzu yana ganin kafar allura, abin da ni kaina yake ba ni mamaki. Na shekara fiye da arba'in ina ɗinka kakin 'yan makaranta da na masu gadi da na 'yan sikawut, kuma wanda ya koya mini keke ya yi ɗinki a bariki, don haka ina da abin cewa a kan yadi, tarihi kuwa na bar wa Malam na Birnin Kebbi.

Telanka bai cuce ka ba, abin da ya saba gani ya ɗinka. Amma yadin roba ba zai taɓa zama kayan 1944 ba ko da ka rina shi sau goma, saboda yana sheƙi a rana, ba ya shan gumi, ba ya kuma yamutsewa irin yadda auduga take yi. Abin da za ka nema a kasuwa shi ne kakin auduga mai kauri, wanda idan ka kawo shi kusa da ido za ka ga saƙarsa tana tafiya layi-layi a karkace. Mai shago zai rantse maka cewa auduga ce zalla, kai dai ka roƙi ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu ka kyasta masa ashana. Idan ya ci wuta ya yi warin takarda ya bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa, auduga ce. Idan ya nannaɗe ya narke ya bar baƙin dunƙule mai tauri, ka ajiye masa abinsa ka yi gaba. Za a kuma ce maka ka sayi kakin 'yan bautar ƙasa a gwanjo tun da shi ma kore ne, kada ka yarda, duk wanda ke zaune a filin makaranta zai gane shi tun daga nesa, wasanka ya koma abin dariya.

Idan ka sami yadin, ka jiƙa shi ya kwana, ka shanya, sannan a yanka, in ba haka ba wankin farko zai mai da dogon wando ɗangalalle. Wajen rini ka kai wa marina ka ce tsomi ɗaya marar ƙarfi kake so a cikin baba, domin shuɗi kaɗan idan ya hau kan kaki yakan ba da kore mai toka-toka, irin na kayan da ruwa da rana suka ci. A fara gwadawa da ƙyalle, a bari ya bushe sarai kafin a yanke hukunci, saboda jiƙaƙƙen yadi maƙaryaci ne, kullum ya fi duhu. Idan marinin ya fi sabawa da galura ba laifi, amma a karya koren da ɗan baƙi, kada ya fito kamar tutar ƙasa.

A wajen yanka ne yaran yanzu suke faɗuwa. Wandon da ƙugunsa yana hawa har saman cibiya, ƙafarsa da faɗi tun daga cinya har ƙasa, gabansa maɓallai ne ba zif ba, yana da babban aljihu mai marfi a gaban cinyar hagu da wani ƙarami a dama kusa da ƙugu inda ake sa bandeji. Rigar tana da aljihu biyu masu marfi a ƙirji da 'yar maɗauri a kan kowace kafaɗa. Telan zamani hannunsa ya saba da matsattsen ɗinki, ko ka faɗa masa sai ya rage, don haka ka tsaya a kansa lokacin da yake zana alli. A idon sawu a naɗe bakin wandon da gajeren ƙyalle ya hau kan takalmi. Da na faretin kake so, da sai na ce ka yanko tsohon bargo mai launin ƙasa, faɗin inci huɗu, tsawon yadi uku kowace ƙafa, a fara naɗi daga idon sawu a ƙare a ƙarƙashin gwiwa.

Ɗamara da jakunkuna ba aikin kekena ba ne, allurata za ta karye. Ka je wurin masu ɗinka tamfol na manyan motoci, ka zaɓi na zare ba na leda ba. Za su yi maka ɗamara mai faɗin inci biyu da kwata, da maratayi biyu da suke gicciyewa a baya su sauko ta kafaɗu, da jaka biyu dogaye a gaba waɗanda suke tashi daga ɗamara zuwa ƙirji, da 'yar jakar goyo mai kusurwa huɗu, da gidan butar ruwa a kwiɓin dama. Ƙarafan ɗaurin na asali na tagulla ne, maƙeri zai iya lanƙwasa maka su da waya mai kauri, kuma tun da na daji kake yi, a shafa musu baƙi kada su yi ƙyalli. Butar kakanka kuwa kada ka bari yaro ya rataya ta, ka kai wa masu gwangwani su auna su buga irinta, a lulluɓe da guntun bargo, a sa mata toshiya da zare.

Hular ce ban san inda za ka same ta a Gusau ba. Malfa ba za ta yi ba.

Wata Malama, Bunguɗu

Malam, ina yi maka fatan alheri, amma ina da magana a kan jar darar, ko da yake na ga masu amsa sun riga sun karkatar da kai daga gare ta. Na san halin shugabannin makarantu, idan suka ga hoton falmaran da jar ɗamara za su ce shi ya fi kyau a idon manyan baƙi, a bar koren nan mai kama da kayan lebura. Idan hakan ta taso, ka tuna musu cewa rundunar da ta yi wannan ado ita ce ta yi arangama da mayaƙan Kano a Kwatarkwashi, nan kusa da mu, a Fabrairun 1903, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasa ransa, ita ce ta shiga Sakkwato a watan Maris na shekarar, ita ce kuma ta rushe Satiru a 1906, kuma mafi yawan masu riƙe da bindigogin 'ya'yan ƙasar nan ne. Ban ce a ɓoye wannan sutura ba, tarihinmu ce ko mun so ko mun ƙi, amma ba kaya ba ne da za a sa wa yaro ya fito yana taƙama ana tafi ba tare da an gaya wa masu kallo ko na wane ne ba, da kuma dalilin da ya sa aka yi watsi da su jim kaɗan bayan samun mulkin kai. Koren ma na Sarkin Ingila ne, ban manta ba, sai dai shi aƙalla yana nuna wahalar da mutumin ya sha, ba adon da aka yi masa don a burge gwamna ba. Idan kana da fili a wasan, ka sa wani ɗalibi ya tambayi sojan abin da ya kai shi yaƙin da ba na garinsu ba, ka bar yaran su ji amsar.

Saje Mai Ritaya, Zuru

Malam, ni soja ne ɗan soja, a ƙasarmu ta Zuru kuwa da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan da ya ba da ɗa ga aikin nan ba. Na karanta duk abin da aka rubuta, bayanin ya yi kyau, amma babu wanda ya taɓo abin da ya fi tayar mini da hankali. Kana Zamfara ne, a wannan zamani, kana shirin sa wa yaro koren kaya ka miƙa masa abu mai siffar bindiga. Jami'in da ke tsaye a shingen bincike da yamma ba zai tsaya tantance ko ɗinkin 1944 ne ba, ɗan sa-kai ma haka, kuma kowa ya san 'yan bindiga suna shiga kayan sarki. Doka ta hana farar hula sa kayan soja, hukumar soja kuma ta sha yin gargaɗi musamman a kan mai dabbare-dabbare, don haka wancan da tela ya ɗinka maka kada ka ajiye shi a gida, kada ka bayar, ka farke shi ka yi tsumma.

Ga yadda zan yi da ni ne. Shugaban makaranta ya rubuta wa baturen 'yan sanda na yankinku takarda, ya faɗi rana da wuri da abin da za a nuna, a buga hatimi, ka riƙe kwafi a aljihunka duk lokacin da za ka ɗauko kayan daga Gusau, kayan kuma su taho a ƙulle cikin jaka. A cikin aji za a sa su, a cikin aji za a tuɓe su, babu yaron da zai fita ƙofar makaranta da su ko da sayen ruwa ne, babu kuma ɗaukar hoto a watsa a Facebook ba tare da bayani ba. Ka gayyaci reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya na ƙaramar hukumarku, zuwansu kariya ce gare ka, za su kuma gyara wa yaran tsayuwa.

Bindigar da aka fi gani a hannunsu ita ce Lee-Enfield, wadda tsofaffinmu ke kira tiri-not-tiri saboda harsashinta, tana cin harsashi 10, ana ja mata ƙarfe da hannu bayan kowane harbi, tsawonta santimita 113, nauyinta wajen kilo 4. Alamarta ita ce katako ya rufe ta har kusan baki, shi ya sa hancinta yake a dakushe. Kafinta ya yanko wannan siffa daga falange, amma ya bar ta farin katako, kada a shafa baƙi, kada a sa bututun ƙarfe, a ajiye ta a ofishin shugaba. Wuƙar bakinta mai tsawon santimita 43 a yi ta da kwali, addar ma haka. Na san Malamin Tarihi zai ce an rage gaskiya, to a rage, ran yaro ya fi.

Lambar da ke hannunka Tauraron Bama ce, ƙyallenta ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Kada ka maƙala ta a koren kaya, domin sai bayan yaƙi aka raba ta. Idan akwai fitowar da tsohon ya dawo gida, a sa masa ita a ƙirjin hagu a kan babbar riga. Sannan kada a yi wa kayan dajin sitaci ko guga, a cika jakunkunan da yashi a ƙulle cikin leda, a ɗaure ɗamara tamau, yaron ya yi zagayen fili biyu da su kafin ya fito. Jaka marar komai tana lilo, kuma tafiyar wanda bai ɗauki nauyi ba ba ta ɓuya ga wanda ya taɓa ɗauka.

Jikan Soja, Ƙauran Namoda

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara girma. Ranka ya daɗe Saje, na farke kayan a daren da na karanta saƙonka, shugabanmu kuma ya amince da rubuta takardar. Malama, tambayarki ta shiga wasan, yarinyar da ke fitowa a matsayin ƙanwarsa ce za ta yi ta.

Na bi shawarar Malam na je wurin Gwaggo, 'yar kakan nawa da ta rage, wadda ta haura saba'in. Littafin sallama ta ce gara ta cinye shi tun ana zaune a tsohon gida. Amma da na kwatanta mata tamburan nan biyu, sai ta yi shiru, ta sa aka jawo mata adakarta daga ƙarƙashin gado, ta kwance wani ƙullin tsumma, sai ga ɗan ƙyalle da bai kai tafin hannu ba, rawayarsa ta koma ruwan ƙasa, ga mashi biyu ga gammo a tsakiya. Ta ce ita duk zamanta ta ɗauka wani abin tsari ne da ya zo da shi, shi ya sa ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Na tambaye ta ko yana ba su labarin harbi, ta ce ba ta taɓa ji ba, labarinsa kullum na kaya ne da hawan dutse, da jirgin sama da ke jefo buhunan shinkafa da laima, da matsattsaku da suke shiga har cikin takalmi, da wata rawayar ƙwaya mai ɗaci da ake tsare su sai sun haɗiye saboda zazzaɓi. Ta ce tsakiyar kansa ba gashi tun tana yarinya, idan suka yi masa tsiya sai ya shafa wurin ya ce Bama ce ta aske shi.

Na fahimci cewa kowa a runduna ta 82 yana ɗaura wannan tambari, mai bindiga da mai dako, don haka ƙyallen shi kaɗai bai yanke hukunci ba, kuma ina jiran gyara daga Malam idan na yi kuskure. Amma na sake rubuta wasan a kan abin da Gwaggo ta faɗa. Yaron da zai fito a matsayin kakana zai sa koren kaya da adda ta kwali, da gammo na gaske, da akwatin katako a ka, wani yaron kuma zai bi bayansa da farar bindigar kafinta da jakunkunan tamfol, ka ga ɗinki ya zama biyu, kuɗin kuwa bai ƙaru ba, sai na cika daga aljihuna. Wasu daga cikin 'yan'uwana ba su ji daɗin wannan sauyi ba, wani ƙanen mahaifina ma ya ce in bar tsohon da bindigarsa tun da babu mai shaida, har yanzu muna kan maganar.

Baba Tela, na sami kakin auduga, ya ci jarrabawar ashana, yana jiƙe a bahon wanki yanzu haka. Yaran biyu dogaye ne, ɗaya siriri ɗaya kakkaura, yadi nawa zan ƙaro a kan takwas da na saya? Maganar hula kuma tana nan, wani abokina zai shiga Kano mako mai zuwa, na ce ya duba mini wajen 'yan gwanjo ko za a dace da ta gashi mai faɗin baki, ko da guda ɗaya ce, shi mai gammo ba ya bukata.